Kafin Ku Karɓi Takobin Kakan Wani



Labari ya iso ni cewa ƙungiyarku ta ɗaura niyyar buɗe gidan tarihi a garinku, har hakimi ya ba ku aron wani tsohon ofis da aka daina shiga. An ce babu mai biyanku ko kwabo, kowa zai zo ne in ya tashi daga aiki ko ya dawo daga gona. Na ji daɗin wannan labari ƙwarai da gaske. Mun daɗe muna kallon kayan iyayenmu suna salwanta. Wasu gara ta cinye, wasu 'yan gwangwan sun ɗora a sikeli sun yi gaba da su, wasu kuma magada sun watsar a juji ranar da aka rushe ɗakin tsohuwa za a yi na bulo. Yanzu ga shi Allah ya kawo waɗanda abin ya dama. Shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba, don aikin nan yana da wuraren da ake tuntuɓe, kuma ba na so ku yi.

Ku fara cire zancen gini daga ranku. Na san zuciyar matashi. Da an ce gidan tarihi sai ya hango bene mai gilasai, a kira taron gidauniya, manya su zo su yi alkawuran da ba lalle su cika ba. Ku dubi gidajen tarihin da muke tinƙaho da su. Gidan Makama na Kano tsohon gida ne tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15. Gidan Ɗan Hausa nan ne mazaunin Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu fadar sarki ce har zuwa 1942, sai a 1958 aka buɗe ta ga masu ziyara. Arewa House ta Kaduna kuwa gidan Sardauna ne, a nan aka kafa cibiyar a 1970. Duk cikinsu babu wanda aka fara da zuba kankare. Ɗakin da kuka samu ya ishe ku, muddin rufinsa ba ya yoyo kuma ƙofarsa tana da kwaɗo mai ƙwari.

Abin da za ku fara saya littafi ne. Ku nemi babba mai ƙaƙƙarfan bango, ɗinkakke, irin wanda in aka yage shafi sai an gane. Ku bi shafukansa ku sa musu lamba daga farko har ƙarshe. Duk abin da ya ƙetare dokin ƙofarku, ko da basilla ce, a shigar da shi littafin nan a ranar da ya zo, kada a ce sai gobe. A ba shi lamba tasa shi kaɗai, shekarar da ya zo a gaba, lambar jerinsa a baya. A rubuta sunansa yadda masu shi suke kiransa, da sunan wanda ya kawo, da gidansu, da unguwarsu. A faɗi da me aka yi shi, tsawonsa da faɗinsa, inda ya tsage ko ya karye, da duk wata alama da za ta bambanta shi da ɗan'uwansa. Lambar kuma a rubuta ta a ɗan kati a ɗaura masa da zare, kada a shafa masa fenti. Sannan a ɗauke shi hoto da waya, gaba da baya, a ajiye rula a gefensa don a san girmansa.

Wani zai ce wannan duk wahala ce, ai mun san juna a garin nan. To, ɗana, sanin junan ne ya sa nake tsoro. Dattijon da ya shiga ɗaki ya jawo takobin kakansa daga ƙarƙashin gado ya miƙo muku, amana ya ba ku, kuma sunan gidansu na rataye da ita. Kayan gado a wurinmu ba su cika zama na mutum ɗaya ba. Mai yiwuwa wanda ya kawo ɗaya ne cikin magada da yawa, sauran suna Legas ko Fatakwal, ba su ma ji ba. Saboda haka kafin hannunku ya taɓa kube, ku tambaye shi cikin ladabi: "Baba, kyauta ka ba gari ko aro ne? In aro ne, zuwa yaushe? Wa ke da ikon zuwa ya karɓa in ba ka nan? 'Yan'uwa sun sani?" Abin da ya faɗa a rubuta a takarda biyu, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, mai unguwa ko liman ya yi shaida, ya riƙe ɗaya ku riƙe ɗaya. Rana tana zuwa da dattijon ya riga mu gidan gaskiya, wani ɗansa ya dawo yana tambayar ina takobin gidansu. In takarda na nan, magana ta ƙare cikin mutunci. In babu, zumuncin unguwa guda na iya lalacewa a kanku, kuma daga ranar babu mai sake ba ku ko ludayi.

Akwai kuma ɓarawo. A watan Janairu na 1987 ɓarayi suka shiga gidan tarihi na Jos, wanda yake na gwamnati ne mai masu gadi, suka kwashi kaya masu daraja, ciki har da wani kan tagulla na Ife. Bayan shekaru masu yawa kan ya ɓulla a Turai, kuma abin da ya sa aka iya nuna shi aka ce na Nijeriya ne, akwai hotonsa da bayaninsa a ajiye. Abin da ba a rubuta ba, ko kun gan shi da idonku a hannun wani, ba ku da bakin magana. Don haka littafin ma ku yi masa kwafi, a ajiye a wani gida dabam, hotunan kuma kada su zauna a wayar mutum ɗaya.

Bari in ba ku labarin wani ƙauye da ya kamata duk mai irin niyyarku ya sani. A ƙasar Mali, kusa da garin Duwanza, akwai ƙauyen Dogon da ake kira Fombori. Dillalan kayan tarihi sun addabi yankin, suna bi gida-gida suna saye kayan kakanni da 'yan kuɗi kaɗan a hannun talakawa. Mutanen ƙauyen, tare da wasu 'yan sa-kai daga Amurka, suka gina ɗan gidan tarihi da fatan baƙi 'yan yawon buɗe ido za su riƙa zuwa suna biya. Abin bai yi tafiya ba. Baƙin ba su zo yadda aka zata ba, mutanen gari kuma ba su ga dalilin da zai sa su rabu da kayansu su kai wani ɗaki a kulle ba. A 1997 sai aka sake dabara, aka mai da wurin abin da suka kira bankin al'adu. Mutum ya kawo kayan gidansu ya ajiye, a ba shi ɗan rance ya ja jari. Kayan na nan a matsayin nasa, in bikin gargajiya ya zo yana iya ɗauka ya yi amfani da shi ya mayar. Ga inda hikimar take: yawan rancen bai danganta da kyan abin ko tsadarsa a kasuwa ba, ya danganta ne da yawan ingantaccen bayanin da mai shi zai iya bayarwa a kansa. Sai ga mutane suna komawa wurin tsofaffinsu suna tambaya, wa ya sassaƙa wannan, a wane zamani, me ake yi da shi. Daga baya an kwaikwayi tsarin a wasu wurare a Mali, da Benin, da Togo.

Ba cewa nake ku buɗe banki ba. Rancen nasu akwai ruwa a kansa, mu kuwa mun san hukuncin wannan, kuma ba abin da ke saurin raba kan ƙungiya kamar bashi. Abin da nake so ku ɗauka daga Fombori shi ne, gidan tarihi na ƙauye ko na ƙaramin gari ba ya rayuwa da jiran baƙo, sai mutanen garin sun ga nasu ne. Kuma labarin abu ya fi abun kansa daraja. Akushin da ba a san na wa ba ne, itace ne kawai baƙi. Amma in an ce a cikinsa ake kai wa maƙeran unguwa tuwo ranar da suke fidda tama, ga sunan matar da ke tuƙawa, ga dalilin da ya sa aka daina, to yanzu ya zama tarihi.

Saboda haka rabin aikinku a zaure da tsakar gida yake. Ku je wurin tsofaffi da goronku, ku zauna a ƙasa, ku nemi izini kafin ku kunna waya ku naɗi murya. A farkon kowane naɗi a faɗi sunan mai magana da ranar da wurin. Kada ku katse dattijo don ya saki hanya, sau da yawa a can inda ya karkata abin da kuke nema yake. Kada ku gyara masa zance da abin da kuka karanta a makaranta. Kuma ku koma karo na biyu, don zuwan farko gaisuwa ce, sai a na biyu ake buɗe ciki. In dattawa biyu suka saɓa a kan wanda ya kafa unguwa ko ya haƙa rijiya, a rubuta duka ruwayoyin biyu, kowace da sunan mai ita. Ba aikinku ba ne ku yanke hukunci.

Ku 'yan matan ƙungiya, wannan fage naku ne fiye da kowa, don ku ke iya shiga inda maza ba sa shiga. Tsohuwar da ke zaune a ƙuryar ɗaki ta san yadda ake kaɗi da mazari, ta san abin da ake jera wa amarya kafin zuwan langa da kwalla, ta san abin da aka ci a farin 1973, kuma ta ji daga bakin kakarta yadda aka yi a yunwar Kakalaba ta 1914. Littattafan tarihinmu cike suke da sarakuna da yaƙe-yaƙe. Abin da mata suka gani kaɗan ne ya shiga takarda, kuma kowace shekara masu riƙe da shi raguwa suke yi.

Wannan ya kawo ni ga abin da za ku tara. Kayan sarauta, su lifidi da sulke da kwalkwali da tambari, in akwai su za su zo da kansu, don kowa na alfahari da su. Wanda sai kun bi shi da nema shi ne kayan talaka, saboda mai shi bai san tarihi ba ne. Takardar haraji da ta jangali, waɗanda gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke bayan zaɓen 1979, yaron yau bai taɓa ganinsu ba, alhali saboda su kakansa ya sha kwana a daji. Ku nemi wuri, da anini mai huda, da sule da fam da aka yi ciniki da su kafin naira ta zo a 1973. Ku nemi sikelin awon gyaɗa, da katin NEPU da na NPC, da tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, da lambobin yabo na sojojin da suka je yaƙin Bama. Zuga-zugin maƙeri, ƙoshiyar masaƙi, taikin fatake, fitilar aci-balbal, duk su ne rayuwar garin. In akwai tsohon mai ɗaukar hoto a garinku, ku je gidansa tun kafin 'ya'yansa su share shagon. Sai dai ku koyi cewa a'a. In aka kawo muku dutsen niƙa na biyar, babu labari a tare da shi, ku yi godiya ku ce kuna da irinsa. Duk abin da kuka karɓa kun ɗauki nauyin kula da shi har bayan ranku, ɗakin kuma ƙarami ne.

Abin da aka tono daga ƙasa hukuncinsa dabam ne, ku saurare ni da kyau a nan. A 1928 masu haƙar kuza suka ci karo da wani ɗan mutum-mutumi na yumɓu a kusa da ƙauyen Nok. A wajen 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan yumɓu daga yankin Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonarsa ta doya yana korar tsuntsaye da shi. Daga nan duniya ta san akwai al'ummar da ta rayu a tsakiyar ƙasar nan fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma Fagg ɗin ne ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Amma da sunan Nok ya fita, sai dillalai suka shigo, suna ba mutanen ƙauye kuɗi suna tone ƙasa dare da rana. Haka aka yi wa wuraren Bura a Nijar. Ɓarnar ta kai a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan yumɓun Nok da na yankin Sakkwato da Katsina da na Bura a jerin kayan da take gargaɗin kada a saya. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana tono ba da izini ba, ta kuma hana cinikin irin waɗannan kaya. In manomi ya zo ya ce garmarsa ta tono wani abu, ku roƙe shi ya bar wurin yadda yake, ku ɗauki hoto, ku sanar da hakimi da gidan tarihin gwamnati mafi kusa. Masana suna karanta zamanin abu ne daga inda yake kwance da abin da ke kewaye da shi, in aka cire shi an goge rabin bayanin. Kuma kada ku taɓa sayen kayan tarihi, ko da kuɗin ya samu. Ranar da aka ji kuna biya, kun buɗe kasuwa, gobe yaro zai sace na gidansu ya kawo. Kada ku yi wa kowa kiyasin farashi, kada ku bari a riƙa yaɗa cewa akwai abin miliyoyi a ɗakinku.

Maƙiyan kaya kun san su: gara, asu, ɓera, kyankyaso, danshin damina, ƙurar hunturu, da hasken rana da ke koɗar da tufa da hoto. Maganinsu ba ya cin kuɗi da yawa. A ɗaga komai daga ƙasa, a kan kanta ta ƙarfe in da hali, kada ta jingina da bango. Kowane mako wani ya leƙa bayanta ya duba ko gara ta fara ɗora hanya. Sabon abu in ya zo a ware shi gefe na ɗan lokaci, a ga ko ya zo da ƙwari. Kada a ci abinci a ɗakin, kada a ajiye fetur ko janareto kusa da shi, a tanadi bokitin yashi a bakin ƙofa. Busasshen ganyen darbejiya a ƙulle cikin ƙyalle yana ɗan taimakawa wajen korar ƙwari, amma ba ya maye gurbin ido.

Sai dai maƙiyin da ya fi ba ni tsoro shi ne hannun mai son gyara. Yaro mai himma zai ga takobi ya yi duhu, ya samo toka da samfefa ya goge shi har ya yi ƙyalli, ya tafi da rubutu da alamar maƙerin da ke jikinsa. Wata za ta ga tsohuwar rigar saƙi ta yi dauɗa ta jiƙa ta da omo, zaren da ya shekara ɗari ya saki. Wani zai ɗauki wasiƙar alƙali ta zamanin En'e ya kai shagon kwamfuta a manne ta cikin roba da zafi, yana ganin ya kyauta, alhali wannan mannewa ba ta ɓantaruwa sai da takardar. Haka salatif, bayan 'yan shekaru sai ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Kada a fesa fiya-fiya a jikin kaya, kada a shafa wa fata man ja ko baƙin mai, kada a kusanci takarda da biro, fensir ya wadatar. Babbar riga kada a rataye ta a ƙusa, nauyinta zai yaga wuyanta. A shimfiɗa ta, a naɗe da farin yadin auduga da aka wanke. In ƙura ce a share da lallausan buroshi. Duk abin da ya wuce wannan, ku bar shi yadda kuka same shi har ku tambayi wanda ya koyi aikin.

Littattafan malamai rubutun hannu suna bukatar ƙarin hattara. Kun san ba ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a cikin gafaka, kalmar da marubuci ya sa a ƙasan shafi ita ke nuna wanda ke biye. In iska ta watsa su ko mai gaggawa ya cakuɗa, sai malamin da ya san littafin ne zai iya mayar da su. Shawarata, kada ku cika karɓar irin waɗannan. Ku je gidan da suke, tare da malamin da ke karanta ajami da Larabci, ku ɗauki hoton kowace warƙa bi da bi a inuwa, ku mayar wa masu su, ku taimaka musu da akwatin ƙarfe. Ku tuna abin da ya faru a Timbuktu. A Janairun 2013 'yan bindiga sun ƙone littattafai kimanin 4,000 a cibiyar Ahmad Baba. Dubban ɗaruruwa kuwa sun tsira, saboda masu riƙe da su sun rarraba su a gidaje cikin akwatunan ƙarfe, suka yi ta fitar da su a ɓoye ta mota da kwale-kwale zuwa Bamako. Tara komai a ɗaki ɗaya yana da nasa haɗarin. In kun ci karo da wani abu babba, akwai masana a Arewa House, da Jami'ar Bayero, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Yanzu sai ku kanku. Ranar buɗewa za ku cika ɗaki har waje. Bayan 'yan watanni wannan ya yi aure, wancan ya tafi bautar ƙasa, damina ta kwashe wasu, ci-rani ya kwashe saura. Kada ku ga laifin kowa, haka aikin sa-kai yake, wanda ba a biyansa ba a yi masa tsawa. Abin yi shi ne ku yanka aikin daidai ƙarfin mutanen da za su rage. Ku ce Asabar da ranar kasuwa kawai kuke buɗewa, amma in kun faɗa ku cika, don malamin da ya kwaso ɗalibai ya tarar da kwaɗo ba zai sake dawowa ba. Kowane aiki ya zama mutum biyu sun iya shi. Ku jawo tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan da suka yi ritaya, suna da lokaci, suna da rubutu mai kyau, kuma gari na jin kunyarsu. Kai kuma da ka kawo shawarar tun farko, na san a ranka abin ɗanka ne. Yi haƙuri ka saki. In mabuɗi da littafi da asusu duk suna aljihunka, ranar da ka kwanta ciwo gidan ya kwanta tare da kai.

Kuɗi kaɗan kuke bukata, amma kaɗan ɗin a bayyana shi. Mutum biyu su sa hannu kafin a fitar, kowane wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa. Yara kada a karɓi kuɗinsu. A gidan tarihi na Yamai, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, masu sana'ar hannu suna zaune a harabar suna aiki, baƙi na kallo suna saye. Ku ma kuna iya ba baduku da masaƙi da mai sassaƙa inuwa a ƙofarku ranar kasuwa, su samu ciniki, su ɗan jefa wani abu a asusu. Ɗan siyasa in ya kawo gudummawa ku karɓa ku rubuta ku yi godiya, amma hotonsa ba ya hawa bangonku, don gobe abokin hamayyarsa ne a kan kujera. Kuma kome tsananin rashi, ba a sayar da abin da ke cikin littafi.

Akwai tarihin da ke da zafi, kuma za ku same shi. Za a kawo muku mari da aka ɗaure bayi da shi. Za ku ji labarin harin da garinku ya kai wa maƙwabta, ko rigimar sarautar da har yau gidaje biyu ba sa ga-maciji a kanta. Kada ku ɓoye cewa an yi bauta, an yi ta, kuma yaranmu suna da haƙƙin su sani. Amma kada ku rubuta sunan wani gida da ke raye a bango ku ce asalinsu kaza, sai in su suka yarda. Kayan bori da na tsafi ma za su zo, kuma za a sami mai cewa kun tara gumaka. Tun kafin ku buɗe ku je wurin malaman gari, ku zauna da su, ku bayyana cewa ajiya ce don a san inda aka fito, ku kuma saurari abin da za su ce game da yadda za a nuna su. Wanda aka shawarta tun farko ba ya cika zama abokin faɗa. Kuma ku tuna garin ba na masu sarauta da 'yan cikin ganuwa kaɗai ba ne. Fulanin ruga, da Maguzawan ƙauye, da mutanen Sabon Gari da kakanninsu suka zo tare da jirgin ƙasa, kowa ya shigo ya ga wani abu nasa.

Bayanin da za ku liƙa kusa da kaya ya zama da Hausa, gajere, da boko da ajami, don dattijon da ya ba ku kayan ya iya karanta sunan gidansu da kansa. Turanci ya biyo baya in akwai wuri. Ku ware wasu kayan da kuke da irinsu biyu, yara su taɓa, su ɗaga galma su ji nauyinta, su gwada murza mazari. In kun samu tsohon masaƙi ya zo ya zauna ya nuna musu yadda ake jefa ƙoshiya, ranar ba za ta fita daga ransu ba.

Akwai magana ɗaya da ba a son ji a lokacin murna, amma dole in faɗa. Ƙungiyoyi suna mutuwa. Ku rubuta tun yanzu a cikin dokokinku abin da za a yi da kaya in taku ta kasa: na aro ya koma gidajen da ya fito, na kyauta a miƙa shi ga fada ko makaranta ko gidan tarihin gwamnati da kuka ambata da suna, tare da littafin da hotunan da muryoyin. Hakimi da liman su san da wannan takarda, su riƙe kwafinta.

Kuma ina roƙonku, kada ku jira sai an gama shafe ɗaki da farar ƙasa kafin ku fara zuwa wurin tsofaffi. Ku zauna a makon nan ku rubuta sunayen waɗanda suka fi kowa shekaru a kowace unguwa, maza da mata, ku raba su a tsakaninku, ku fara da wanda jikinsa ya fi rauni. Allah ya dafa muku, ya ba ku ikon riƙe amana.